Wanda Ya Ce Ba Ruwansa da Siyasa Ya Leƙa Tukunyar Gidansa

Akwai maganar da ta kama bakin mutanenmu har ta zama kamar gaisuwa: "Ni ba ruwana da siyasa." Ɗan kasuwa na faɗinta, mushen lakkol na faɗinta, matar aure na faɗinta, saurayi a fada yana kaɗa shayi yana faɗinta. Kuma da alfahari ake faɗinta, irin yadda mutum zai ce shi bai taɓa kurɓar giya ba. Mai maganar jira yake a ce masa madalla, ka tsare mutuncinka. Ni dai ba zan ce masa madalla ba. Maganar ba gaskiya ba ce, kuma ta daɗe tana cutar da mu.

A shirin da nake gabatarwa a rediyo, wanda masu sauraro ke bugo waya, da wuya a wuni ban ji ta ba. Mutum zai kira ya yi minti uku yana kukan tsadar tiyar hatsi, da famfon unguwarsu da ya yi sati bai ɗiga ba, da takardar maganin da aka rubuta wa ɗansa a likita aka ce ya je waje ya saya. Da na ce, "To Alhaji, a ganinka wa ke da alhakin gyara wannan?" sai ya ce, "A'a malam, kar ka sa ni cikin siyasa." To, minti ukun nan da ya yi yana magana, me yake yi in ba siyasa ba? Ya lissafo ciwon kaf, da aka zo kan mai ba da magani sai ya ja baya.

Matsalar ta faro ne daga yadda muka ƙuntata kalmar. Da an ce siyasa, abin da ke faɗo mana a rai shi ne jam'iyya, da atamfa mai hoton ɗan takara, da maroƙi riƙe da lasifika, da rabon sabulu ana gobe zaɓe. Wannan reshe ne guda, kuma shi ne mafi ƙanƙanta. Hausar da muke yi ma ta fi mu sanin haka, domin idan dattijo ya ce ka bi wane da siyasa, yana nufin dabarar zama da mutane. Kalmar daga Larabci muka aro ta, can kuwa ma'anarta kula da sha'anin jama'a. Siyasa ita ce amsar wannan tambaya: abin da muka mallaka tare, wa ke yanke yadda za a yi da shi, kuma wa ke cin gajiyarsa? Ruwan sha na ciki, hanya na ciki, haraji da iyakar ƙasa da darajar kuɗin da ke aljihunka duk suna ciki. A watan Maris na 2025 aka rusa jam'iyyun siyasa a Nijar. Da a ce siyasa jam'iyya ce, da ranar aka yi jana'izarta. Amma washegari mai karɓar kuɗin rumfa ya zo kasuwa kamar kullum, jami'in duwan yana bakin iyaka, kuma wani a wani ofishi ya sa hannu a takardar da za ta taɓa farashin abin da za ka ci.

Mu ɗauki abin da kowa ya gani da idonsa. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum. Ranar 30 ga watan shugabannin CEDEAO suka zauna a Abuja suka ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi. Cikin 'yan kwanaki Najeriya ta katse wutar lantarkin da take ba mu, wadda ta kai wajen kashi 70 cikin 100 na abin da muke amfani da shi. Ba wanda ya tambayi mai sayar da ƙanƙara a Yamai ko tana da jam'iyya kafin firjinta ya mutu. Ba wanda ya nemi katin zaɓen tela a Maraɗi, ko mai walda a Damagaram. An rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, manyan motoci suka yi layi da kayan abinci da magunguna, buhun shinkafa ya tashi. Manomin albasa a Galmi, wanda bai taɓa halartar taron jam'iyya ba, ya zauna yana kallon albasarsa tana ruɓewa. Tsakanin Ƙonni da Illela, tsakanin Ɗan Isa da Jibiya, mutanen da kakansu ɗaya suka koma bin hanyar daji kafin su je ta'aziyyar juna. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma gadar Gaya ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangarenmu, kaya suka koma zagayowa daga tashar ruwan Lome ta cikin Burkina Faso da rakiyar sojoji. Kuɗin wannan zagaye ba daga sama yake faɗowa ba, cikin kuɗin cefanen gidanka ake cire shi. Ko kana cikin masu cewa sojoji sun ceci ƙasa, ko kana cikin masu cewa sun mayar da ita baya, tukunyarku ɗaya ta ji a jikinta, har da ta wanda ya ce shi ba ya ko'ina.

Kuma ba daga 2023 abin ya fara ba. Iyayenmu na tuna Janairun 1994, lokacin da aka zauna a Dakar aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. Mutum ya kwanta da jika goma a ƙarƙashin matashi, ya tashi takardun suna nan amma rabin ƙarfinsu ya tafi. A Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin Najeriya na ƙasa har zuwa Disamban 2020, Maraɗi ta ji jiki kamar an ɗaure mata wuya. Ranar 29 ga Mayun 2023 Bola Tinubu ya tsaya a wajen rantsar da shi ya ce tallafin mai ya ƙare, sai ga ɗan kabu-kabu a Tasawa yana ƙara kuɗin ɗauka, domin kwalbar ruwa-ruwan da yake sha ta yi tsada. Wannan yaro ba shi da ƙuri'a a Najeriya, wataƙila ko a gida bai taɓa jefawa ba. Siyasar ƙasar maƙwabta ta same shi a kan babur ɗinsa.

Za a ce wannan duk farashi ne, amma rayuwar mutum ta cikin gida, auren da zai yi da inda zai sa ɗansa karatu, wannan kam zaɓinsa ne. Na so a ce haka ne. Saurayin da ya ɗaga aurensa shekara uku yana tara kuɗin ɗaki, zaɓi ya yi ko tilas? Uban da ya cire ɗansa daga lakkol ya tura shi almajiranci Kano ko Zariya, je ka ga ajin da ya cire shi daga ciki: rumfar zana ce da ake kafawa bayan damina, malamin ɗan kwantaragi ne da ke jiran albashinsa. Matar da ta haihu a gida har jini ya ɓalle mata, kafin ka ce jahilci ne ka auna nisan ƙauyensu da likita, ka ga ko akwai hanyar da mota za ta bi. Tun 2006 doka ta ce a duba yaran da ba su kai shekara 5 ba kyauta. Uwar da ta san da wannan, ta kuma san wanda za ta tambaya idan aka ce babu magani, ba daidai take da wadda aka koya wa cewa tambaya shiga siyasa ce ba.

A Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Akasarinsu mata ne da yara, kuma daga yankin Kance suka fito. Kowace mace a cikinsu da ƙafarta ta hau mota, ba wanda ya ɗaure ta. Sai dai abin da ya kore ta daga gida, gonar da ta tsuke da rumbun da ya ƙare tun kafin bazara da rashin wata sana'a a kusa, duk abubuwa ne da hukuma ke da ta cewa a kansu. Haka direbobin Agadas. A 2015 aka kafa dokar da ta haramta safarar baƙin haure, sana'ar da suka daɗe suna yi a fili ta zama laifi, aka ƙwace motoci aka ɗaure mutane. A Nuwamban 2023 aka soke dokar. Direba ɗaya ne, motar ma ita ce, hanyar ba ta sauya ba. Jiya mai laifi ne, yau mai neman halaliya, kuma duk a takarda aka yanke masa hukuncin biyu. Shi ma sai ya ce ba ruwansa da siyasa?

Na san masu wannan magana ba wawaye ba ne, suna da dalilansu, kuma ya kamata a saurare su. Na farko tsoro ne, tsoron kuwa gadonsa muka yi. An haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a 1959, aka ɗaure magoya bayanta, wasu aka kashe su. A zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, mutum kan waiwaya kafin ya yi magana ko a zauren gidansa. Ƙasar da ta ga juyin mulki a 1974 da 1996 da 1999 da 2010 da 2023 dole ta koya wa 'ya'yanta cewa wanda ke sama yau gobe yana iya kwana a kurkuku, don haka kama bakinka. Ga kuma dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka sake tsanantawa a 2024, ta sa mutum na tauna saƙon WhatsApp sau uku kafin ya tura. Ni da nake gaban makirfo kullum ba zan raina wannan tsoro ba. Abin da nake roƙo shi ne a kira shi da sunansa. Ka ce, "Ina jin tsoro," kowa zai fahimce ka. Amma kar ka naɗa wa tsoron rawani ka ce tsarkin zuciya ne, har ka riƙa kallon wanda ya yi tambaya a matsayin mai neman fitina. Shirunka ma ana lissafa shi, kuma a ɓangaren mai ƙarfi ake sa shi, domin duk mai mulki yana ɗaukar shiru a matsayin yarda.

Dalili na biyu shi ne wai siyasa ƙazanta ce, mai addini ba ya kusantarta. Ina mamakin jin wannan a ƙasar da aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, domin a Maratta aka haife shi, cikin ƙasar Ƙonni. A cikin Kitabul Farƙ, abin da Shehu ya tuhumi sarakunan Hausa da shi ya haɗa da harajin zalunci irin su jangali da kuɗin gari, da ƙwacen kayan talakawa a kasuwa, da cin hanci a wajen shari'a. Ƙanensa Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkam a kan yadda ake tafiyar da mulki. Waɗannan bayin Allah ba su ga cewa zancen mudu da haraji yana karya alwala ba. Idan ƙarya da cin amana sun cika fagen siyasa, janyewar masu gaskiya ba ta wanke shi, sai dai ta bar wa maƙaryata filin su kaɗai.

Dalili na uku shi ne "duk kanwar ja ce," kowa ya hau haka zai yi, magana ba ta sauya komai. Tarihinmu na kusa ya ƙaryata wannan. A farkon 2005 gwamnati ta ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi irin su madara da fulawa da sukari, har da ruwa da wuta. A watan Maris jama'a suka fito a Yamai ƙarƙashin ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa da su Nuhu Arzika suka jagoranta, aka rufe kasuwanni, garuruwa suka yi tsit. An kama shugabannin ƙawancen, amma cikin Afrilu gwamnati ta sauko, ta janye harajin daga kan wasu kayan. Waɗanda suka rufe shagunansu a ranakun nan ba kujera suke nema ba, kuɗin madarar 'ya'yansu suke karewa. Kafin su kuma akwai ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990, waɗanda jininsu ya buɗe hanyar babban taron ƙasa na 1991. Rediyoyi masu zaman kansu da muke aiki a ciki yau, da layin wayar da Alhaji ke kira ya yi kukan famfo, 'ya'yan wannan gwagwarmaya ne.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni haushi. Mutanen nan da ke cewa ba ruwansu da siyasa, su ne kuma suka kwashe ta suka kai inda ba ta da hurumi. Mun kore ta daga zancen rijiya da aji da magani, mun shigar da ita cikin zumunci. Tun shekarun 1990 muke ganin wa da ƙane sun daina gaisawa saboda wannan ɗan Nasara ne wancan ɗan Rahama. An fasa aure saboda uban yaro ɗan Tarayya ne, an ƙaurace wa suna saboda maigidan ɗan Lumana ne. Dubi sunayen ma: Rahama, Tarayya, Lumana, Zaman Lahiya. Da waɗannan kyawawan sunaye muka riƙa yanke zumunta. Su kuwa shugabannin da ake faɗan dominsu, sau nawa muka ga sun ƙulla ƙawance da wanda suka zaga jiya, sun raba kujerun ministoci, suna halartar bikin 'ya'yan juna? Talaka ne kawai ya rage da gaba a zuciya.

Jam'iyyu sun tafi, amma halin bai tafi ba, riga kawai ya sauya. Yau a dandalin WhatsApp na dangi, wanda ya tambayi dalilin tsadar shinkafa sai a ce masa yaron Faransa ne, maci amanar ƙasa. Wanda ya yaba wani aiki na gwamnati sai wancan ɓangaren ya ce ɗan koren sojoji ne. Ana fita daga dandali cikin fushi, ana toshe lambar ɗan'uwa, har ta kai mutum na duba ra'ayin mai shago kafin ya sayi sukari a wurinsa. Wannan ba wayewar siyasa ba ce, ƙabilanci ne da aka sauya wa suna. Mai wayewa ra'ayi yake tuhuma, ya bar mai ra'ayin da mutuncinsa. An ce mana abin da ake ciki zancen ƙasa ne, na yarda. To farashin tiya ma zancen ƙasa ne, albashin malamin ƙauye zancen ƙasa ne, kuma wanda ya tambaye su bai fita daga cikin 'yan ƙasa ba. Ƙasar da ba a iya tambaya a cikinta, sai bango ya tsage ake sanin da ɓaraka.

Abin da nake kira gare shi ba ya bukatar kati ko tuta. Idan an kira taron iyayen yara a lakkol, ka je, ka tambayi inda kuɗin da aka tara ya shiga. Idan mai karɓar haraji ya zo rumfarka, ka karɓi takardar shaidar biya, ka kuma tambayi ma'aikatar magajin gari me aka yi da kuɗin, tunda kwatar kasuwa na nan a cushe. An rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi a 2024 an naɗa kantomomi, amma naɗi bai ɗauke wa kowa nauyin yi wa jama'a bayani ba. Ki yi wa ɗiyarki takardar haihuwa, domin yaron da ba shi da takarda ba ya cikin lissafin da ake gina aji da shi. Ku haɗu ku goma a unguwa ku je ofishin ruwa tare, da ladabi, da sunan unguwa a rubuce, ku koma sati mai zuwa idan ba a yi ba. Ranar da zaɓe ya dawo, ka tuna cewa wanda ya ba ka jika biyu da turmin atamfa ya riga ya biya ka, ba ka da bakin tambayarsa shekara biyar. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sannan a cikin gida ka yi akasin haka. Ka je ɗaurin auren ɗiyar wanda kuka saɓa ra'ayi, ka ɗauki gawar maƙwabcinka ko da bai taɓa yarda da kai a kan shugaba ko ɗaya ba. Ka bar ɗanka ya yi maka gardama a kan CEDEAO da AES ba tare da ka ce ya fita daga gidanka ba, domin yaron da bai koyi musu cikin ladabi a gaban ubansa ba, a titi zai koye shi da jifa. Gwamnatoci nawa suka wuce tun 1960? Duk sun tafi, maƙwabcinka yana nan, kuma ranar da gobara ta tashi shi zai fara zuwa da bokiti.

Mu ma masu makirfo da alƙalami akwai namu. Shirin da zai ɓata awa guda kan wane ya zagi wane, bai ba da minti biyar ga kasafin kuɗin lafiya ba, yana koya wa mai sauraro cewa siyasa kokawar manya ce da ake kallo daga gefe. Aikinmu shi ne mu ɗauko takardar da aka sa wa hannu a Yamai mu bi ta har cikin kwanon tuwo, mu faɗa da Hausar da tsohuwa a ƙauye za ta gane, har ta san cewa tana da haƙƙin tambaya.

Wanda duk ya karanta wannan ya ce shi har yanzu ba ruwansa, ba zan yi masa dole ba. Sai dai ya sani, kujerar da ya bari a wajen taro ba a barin ta wofi. Wani zai zauna a kai, ya yanke nawa za a sayi hatsi, ya yanke ko za a gina aji a ƙauyensu, kuma ba zai aiko a tambaye shi ba.